Guɗar Da Ban Yi Maka Ba

Zuwa ga ɗana Tanko,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kai ka Gidan Sori lafiya, ya tsare ka a hanya da wurin da za ka sauka, ya tsare ka daga mugun mutum, ya kuma tsare mutane daga hannunka.

Kada ka yi dariya don uwarka ta rubuto maka takarda alhali zana ɗaya ce tsakanin ɗakinta da naka. Sau biyu na gwada da baki, kana cewa, "Inna, girbi hwa za ni taya su, ba komi." Ga shi jibi Asabar za ka hau mota. Shi ya sa na ɗauko ɗan karatun da na koya a zumuntar mata, zan ba Ladi matarka ta miƙa maka. Rubutun zai yi ta karkacewa kamar kunyar sabon manomi, ka yi haƙuri ka bi shi har ƙarshe.

Ban hana ka tafiya ba. Yayarka Rifkatu tana bukatar hannu. Tun da ɓarayin daji suka shiga ƙauyensu suka kora shanun huɗa, suka bar mijinta Ayuba da harsashi a cinya, hatsinsu yana tsaye a gona tsuntsaye na ci. Amma shekaranjiya ina tsince wake a bayan rumbu, kai kana ɗaya gefen da wayar salula a kunne, na ji ka ce wa wani, "Ku jira ni. Rugar nan ta bakin fadama, in su suka nuna hanya, ko bukka guda ba a bari tsaye." Jiya kuma na shiga ɗakin marigayi babanka, na ɗaga kai, babu sandarsa ta gora da ke soke a jinka. Na gan ta ɗaure da tabarmarka. Tsoro nake ji, Tanko, tsoron ka tafi girbi ka dawo da ran mutum a wuyanka.

Bari in fara da abin da za ka iya tunawa. Kana ajin farko a lakol, makarantar boko, ka dawo da leɓe a fashe, wani yaro ya buge ka a kan ƙwallon tsumma. Na tsaya a ƙofar gida da muciya a hannu na ce, "Namiji guda bayan mata ukku, shi ne za ya shigo mani da kuka? In ba ka rama ba, ba ka cin tuwo gidan ga." Ka juya ka tafi. Ka dawo da jinin hancinsa a rigarka, na zuba maka miya har da ƙarin man shanu. Ranar na koya maka cewa ƙaunar uwarka ana sayenta da duka. Ka lura da wannan wurin a zuciyarka, don har yanzu ina ganin sa: duk lokacin da aka ce maka "kai namiji ne", fuskarka takan canja. Samarin can za su gane haka cikin kwana biyu. Wanda ya fi yi maka kirari, shi za ka fi yi wa nesa, domin mai ingiza mai kantu ruwa ba ya jiƙewa.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba.

Ka taso kana jin cewa Baba Sani, ƙanen babanka, amalanke ce ta kife da shi, shi ya sa kunnensa na hagu ba ya ji, hannun kuma ba ya ɗaga hauya. Duk ƙauyen nan har Gangara haka ake faɗa. Ƙarya ce. Gorar da ka ɗaure da tabarmarka ita ta yi masa haka, babanka ne ya riƙe ta, ni kuma na sa shi.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, babu wanda nake wasa da shi kamar Sani. Ka san tsakanin mace da ƙanen miji. Yana ce mini tuwona ya fi ƙarfin haƙori sai gatari, ina ce masa da wannan ƙafafun nasa ba macen da za ta yarda. Babanka ya karɓi bangaskiya tun yana saurayi, Sani ya tsaya a Musuluncinsa, kuma wannan bai taɓa hana su cin tuwo a akushi ɗaya ba. Da Sallah a aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika da shinkafa. Da kakanka ya tsufa ya raba musu gona, aka dasa layin gamba a tsakani ya zama iyaka.

Wata kaka aka tara damman hatsi a ƙofar gida, namu gefe, nasu gefe. Tsoho kakanka ya fito da sandarsa ya zagaya, ya tsaya wajen na Sani ya dafa ya ce, "Kai, gonar auta ta yi albarka. Rabi, kin shigo da ƙafar dama." Rabi matar Sani ke nan, shekararta ɗaya a gidan, ta kuma haifi namiji. Ni shekarata tara, da 'ya'ya mata uku. Tsoho ya wuce namu bai ce komai ba. Wataƙila ma mantuwa ce ta tsufa. Rumbunmu ya cika a shekarar, ba mu rasa ko tiya ɗaya ba. Amma na shiga ɗaki ina jin kamar an kwashe mini komai.

Nan abin ya fara, ɗana. Ba yunwa ba ce, ba addini ba ne, ba iyaka ba ce. Iyaka daga baya na nemo ta. Ka san ƙuduji: yana ƙarƙashin ƙasa manne da saiwar hatsi yana tsotsa, manomi na wucewa yana cewa gona lafiya, sai ranar da ya fito da jan furensa, lokacin ya gama ɓarna. Haka zunubi ya yi da ni. Muna karantawa a majami'a cewa jinin farko da ya zuba a duniya na ɗan'uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin babu ƙabila, babu bindiga, ƙasa kuma ga ta nan fili ba mai nomewa. Abin da ya kawo shi, an dubi hadayar ɗaya an wuce ta ɗayan. Ina zaune ina jin wannan karatun ina gyaɗa kai, ban taɓa cewa da ni ake ba. Saboda haka kafin ka tambayi abin da mutanen ruga suka yi, ka tambayi kanka tun yaushe kake jin haushinsu. Ni na san tun shekarar da shanunsu suka ci maka wake aka yi maka dariya a kasuwa. Wannan haushin ya girmi harsashin Ayuba da shekara huɗu.

Da damina ta zo na je kai fura gona, na ga kamar layin gamba ya matso wajenmu. Taki ɗaya, ko bai kai ba. Gamba takan yaɗu da kanta, kowane manomi ya sani. Na gaya wa babanka, ya ce, "Ciyawa ce, bar ta." Da na ga ba zai motsa ba, sai na koma turmi. Ka san yadda mata ke yi, abin da ba a iya faɗa wa mutum a ido sai a sa shi cikin waƙar daka. Ni kuwa Allah ya ba ni murya. Kullum da hantsi in ya dawo shan ruwa sai in ɗaga taɓarya, ina lugude ina rerawa cewa wasu sun auri maza wasu sun auri inuwa, cewa akwai gidan da ƙane ke aske wa wa gemu yana barci. Ban ambaci suna ba ko sau ɗaya. Maƙwabta na dariya ta bayan zana. Babanka mutum ne mai shiru, yana ji yana haɗiyewa, sati uku ina yi.

Na daɗe ina gaya wa kaina ni ban taɓa kowa ba. Amma Ubangijinmu ya koyar cewa kisa yana farawa tun daga fushi da zagi, tun hannu bai motsa ba, kuma ni shaida ce. Don haka ka kula da zaman hira a can. In aka zauna gindin bishiya ana ta "su", "ai su haka suke", "duk ɗaya ne", ba a kiran sunan kowa, daka ake yi irin nawa. Ka ce, "Wa ya gani da idonsa? Wane ne, ɗan wa?" In ba amsa, tashi ka koma gona.

Ranar da abin ya faru ana maimai ne, noma na biyu, rana ta take. Ina da cikinka wata bakwai. Na taho da ƙwaryar fura a ka, na hango su biyu tsaye a kan layin gamba, murya ta tashi. Babanka da gora a hannu, da ma yana zuwa da ita saboda macizai. Na ji Sani ya ce, "Yaya, in matarka ce ta aiko ka, koma ka ce mata ban gani ba." Sai babanka ya kai masa ɗaya a kafaɗa. Sani ya durƙusa. Da idona na ga babanka ya sauke gorar, ya ja da baya, kamar wanda ya farka. Da an bar su, da nan ya ƙare, da yamma tsoho ya zage su duka biyu a wuce wurin.

Sai na rangaɗa guɗa.

Ban shirya ba, ban yi tunani ba, fitowa ta yi kawai, doguwa, irin wadda ake aiko mini tun daga wasu ƙauyuka in je in yi a gidan biki. Daɗi ne ya kama ni, Tanko. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ga mijina ya buga ɗan'uwansa, na ji daɗi har cikin ƙashina. Babanka ya juyo ya dube ni, ya sake ɗaga gorar da hannu biyu. Ta biyun a kan kunne ta sauka.

Mutane suna cewa fushi ne ke sa a yi kisa. Fushin babanka ya ƙare a bugun farko. Na biyun don ni ya yi, don a gan shi. Abin da nake tsoro a Gidan Sori ke nan. Kai kaɗai, na san ka, ko akuya ba ka iya yankawa sai ka kira maƙwabci. Amma cikin samari talatin, ana ihu, ana kallon wanda zai fara, ban san ka ba, kai ma ba ka san kanka ba. Duk shekara in aka zo makon shan wuyar Ubangiji, aka karanta yadda taro ya yi ta ihu a kashe shi, mata na kusa da ni suna tsaki suna cewa mugayen mutane. Ni sai in sunkuyar da kai, don na san muryata da tana wurin da ta fi ta kowa tashi. Kada ka shiga taron da ya nufi gidan wani, ko da an ce tambaya kawai za a yi.

Aka ɗora Sani a amalanke aka kai shi gidan likita. Kwana biyu bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo jandarma suka zo, don mai gari ya kai magana. Babanka yana tsaye bakin ƙofa, ya riga ya yi sallama da ni, ya san gidan kaso za shi. Sani ya dube su da baki a karkace ya ce, "Amalanke ce ta kihe da ni. Yayana shi ya ɗauko ni." Suka maimaita tambaya, ya maimaita amsa. Tsoho ya tara gida ya ce duk wanda ya faɗi wani abu daban ba da yawunsa ba.

Ka ga wanda aka cuta ya rufa mana asiri. Ni kuwa me na yi? Ranar Lahadi matan majami'a suka ga idona ya kumbura, suka tambaya. Na ce dangin miji ne suka sa mu gaba, suna so su ƙwace mana gona saboda muna bin Yesu. Aka kewaye ni aka ɗora mini hannu, aka yi addu'a Allah ya ba ni ƙarfin jure tsanani. Na karɓa, har da amin. Na ɗauki hassadata na ɗaura mata zanen zumunta. A cikin duk abin da na yi, wannan ne ya fi ba ni kunya gaban Allah. Wata biyu bayan haka na haife ka, kuma Rabi ce ta dafa mini ruwan wankan jego kwana arba'in, da itacen da ta yo da kanta, mijinta na kwance.

To, kai ma za a ba ka zanen da za ka rufe abin. Za a ce kare kai ne, za a ce don yayarka ne, wani ma zai ce aikin Allah ne. Ban ce ka naɗe hannu ba. Ka kwana ƙofar gidan Rifkatu, ka raka mata da yara in za su rijiya, in kun ga baƙin fuska ku gaya wa mai gari da jandarma, in aka shigo muku gida ka tare iyakar ƙarfinka. Wannan tsaro ne. Amma ranar da ƙafarka ta bar ƙofarku ta nufi ƙofar wani, sunan abin ya canja, kome aka kira shi. A rugar nan akwai tsohuwa kamata, akwai mai ciki kamar Ladi. Wataƙila akwai mai laifi ɗaya a cikinsu, wataƙila babu, wataƙila su ma an kora nasu shanun. Wuta ba ta tambaya. Ka tuna ranar da aka zo kama Ubangijinmu, wani almajirinsa ya zaro takobi don ya kare shi, ya sare wa mutum kunne. In akwai wanda ya cancanci a yi faɗa dominsa, ai shi ne. Amma ya sa aka mai da takobin kube, ya miƙa hannu ya warkar da kunnen. Babanka bai taɓa iya zama a ji wannan karatun ba, fita yake yi ya tsaya bayan majami'a.

Kana tsammani gorar nan ta jarumta ce, don ka ga ya ajiye ta sama ba ya bari a taɓa. Ya soke ta a jinka ne daidai inda idonsa zai faɗa in ya farka. Kuma noman da ka ga yana fara yi a gonar Baba Sani kowace shekara kafin ya taɓa tamu, har kana ƙorafi kana cewa mu bayin gidansu ne, yanzu ka san dalili. Bai taɓa ɗora mini laifi ba sai sau ɗaya, a ciwonsa na ƙarshe. Ina ba shi kunu ya ce, "Hannatu, na fa riga na sauke ta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kada ka ce ai Inna ta tuba tun tuni. Ka lissafa: shekara shida bayan wannan ne na kore ka ka je ka rama a lakol. Na ga jini, na yi kuka, na yi azumi, amma saiwar tana nan. Mutum ba ya cire ta da ƙarfin kansa, ni dai ban iya ba. Kullum sai na kai ta gaban giciye, gobe in tarar ta sake tsiro. Kai ma jinina ne. Kada ka yarda da zuciyarka ranar da ta ce maka kai ne mai gaskiya.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi tsawo. Shekara ashirin da bakwai ina roƙon gafarar Allah, ban taɓa taka ƙafa na roƙi ta Sani ba. Gaisuwa muke yi, in kai masa tuwo, wasan nan namu kuwa ya mutu tun ranar. Yau da safe na ga ba ni da ikon buɗe maka asirin da shi ya rufe sai da izininsa. Na same shi a zaure yana tufka igiya da hannu ɗaya da yatsan ƙafa. Na zagaya ta damansa na durƙusa, na gaya masa abin da na ji a bayan rumbu, da gorar da ka ɗauka.

Ya ce, "Uwar Tanko, in dai za ya hana yaron ga ɗaukar rai, gaya mashi duka. Amma ki haɗa da cewa ban riƙe ubanshi ba. Gambar ma ni ban san ko ta matsa ba, har yau."

Na ce, "Sani, akwai abin da ba ka sani ba. Ya sauke gorar. Ni na yi guɗa, shi ya sa ya ƙara."

Ya ajiye igiyar. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya taɓa kunnen hagu ya ce, "Na sani. Ita ce abu na ƙarshe da kunnen ga ya ji. Wani lokaci in gari ya yi tsit, ina jin ta ciki."

Na kifa kaina a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar babanka. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Tashi, na yahe tun ina gidan likita. Amma tuwonki har yanzu sai da gatari." Muka yi dariya, ni da hawaye.

Bara ranar aurenka, da aka shigo da Ladi, ka leƙo ka ce, "Inna, an ce da ke ce gwanar guɗa ƙasar ga, ko guda ba ki yi mani?" Na ce maka maƙogwaro ne. Na ga ranka bai so ba. Maƙogwarona lafiya lau. Tun ranar gona ban sake yi ba, ko a bikin yayyenka, ko ranar da aka yi maka baftisma. In ta taso sai in ga Sani a durƙushe, in haɗiye.

Ga roƙona. Kafin Asabar ka kwance gorar nan daga tabarmarka, ka kai wa Baba Sani, shi ya fi kowa iko da ita. Ka zauna ta hagunsa ka kira sunansa a hankali, ka ga ko zai juyo. Sannan ka tafi ka yanke wa yayarka hatsi, ka ɗaure, ka zuba a rumbu, ka dawo. Ladi za ta sauka kafin Kirsimeti in Allah ya yarda. Sani ya ce ranar suna shi zai zauna gaba, ya juyo mini kunnen dama, wai yana so ya ji ko tsufa ya ci muryar. Na yi masa alkawari. Amma in ka dawo da jinin wani a hannunka, Tanko, zan karɓe ka don kai ɗana ne, zan ba ka ruwa, zan bi ka duk inda aka kai ka, guɗar kuwa da ita za a binne ni.

Ka gai da Rifkatu da yara, ka ce wa Ayuba muna yi masa addu'a kullum. Ubangiji ya yi maka jagora a hanyar Maradi da ta Gidan Runji, ya rufe idon mugu daga gare ka, ya riƙe hannunka ranar da kowa ke cewa ka ɗaga. Ya komo mini da kai lafiya, yadda zan iya buɗe baki. Amin.

Ni ce innarka,
Hannatu